Ƙarfe Taran Malam Rula

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, tunda ko na ɓoye matata ba za ta ɓoye ba. Maƙwabcina mai gyaran babur ya karye a ƙafa, aka kwantar da shi a asibiti. Na ce zan je dubiya gobe. Goben ta haifi jibi, jibin ta yi jikoki. Ranar da Allah ya nufa na sayi lemo da ayaba cike da leda, na shiga ɗakin masu karaya, na nufi gadon bakin taga da aka kwatanta mini. Mutum na kwance ya ja bargo har ka, ƙafa ɗaya a rataye. Na ajiye leda, na ja kujera, na fara: "Kai dai ka ji kunya. Mai gyaran babur, babur ya gyara shi." Na yi ta zuba, har da kwaikwayon yadda ya faɗi. Can sai aka yaye bargo. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya dube ni, ya dubi ledar, ya miƙa hannu ya ɓalli ayaba. Ya ce, "Ci gaba, ɗana, kwana biyu ba wanda ya leƙo ni."

Ashe maƙwabcina an sallame shi tun makon jiya. Yana gida, katanga ɗaya tsakaninmu, yana jin tarina kullum.

Na dawo na ba matata labari don ta yi dariya, ba ta yi ba. Tana ninke kayan yara ta ce, "Baban yara, wata rana za ka tafi dubiya ka tarar ana karɓar gaisuwa." Na rantse mata cewa duk wanda ya sake yanka mini lokaci, zai gan ni a kan minti. Wanda tsautsayin rantsuwar nan ya faɗa wa shi ne Malam Rula.

Ni kayan wuta nake sayarwa, ƙwan lantarki da soket da makunni da waya, a wani layin shaguna da ba ya rabo da ƙarar janareto. Cututtukana biyu ne, kowa ya sani: makara da baki. A layinmu ni ke raɗa wa mutane laƙabi, kuma in na raɗa ya zauna, ko da sabulu ba ya fita. Akwai mai sayar da katifa da ya yi gyangyaɗi sau ɗaya a gaban kwastoma, na ce tallar katifarsa yake yi, yau 'ya'yansa ma Talla suke ce masa. Akwai tela da na ce wa Sai Jibi, har ya gaji ya daina fushi. Mutum ɗaya ne na raɗa wa suna ya ji daɗinsa, shi ne mai rubuta allunan shaguna da ke tsallaken titi, daidai ƙofata.

Ranar da na fara ganin aikinsa, allon wani kantin magani yake yi. Ya tsoma burushi a jan fenti, ya tsaya, ya riƙe numfashi, ya ja layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba zare ba alli. Na tsallaka da tef ɗin awon waya na gwada, don neman abin faɗa. Ban samu ba. Na ce, "Malam, kai ai ba ka bukatar rula, kai ne rular." Ya ɗago ya dube ni. Da yamma sai na ga ya rubuta RULA da ƙananan haruffa a gindin allon, inda masu sana'arsa ke sa hannu. Tun daga ranar, duk allon da ya fita daga shagonsa da sunan nan yake fita.

Shi ma bai bar ni ba. Ya lura kullum ina kan waya ina cewa, "Ga ni nan, ga ni nan a hanya," alhali ina zaune ina cin gyaɗa. Wata safiya na zo na tarar an rubuta GA-NI-NAN da kyakkyawan rubutu a jikin bencina. Layi ya ɗauka. Na yi fushi na yini guda, don wanzami ba ya son jarfa, daga baya na haƙura, saboda rubutun ya fi bencin daraja.

Kada ku ɗauka aminai ne mu. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, kuma fiye da shekara ashirin muna kallon juna ban taɓa taka gidansa ba, bai taɓa taka nawa ba. Sanin bakin titi ne. Da safe in ce, "Rula, yau ma ka karkace?" ya ce, "Ga-ni-nan, yau ma ka iso?" Da la'asar in kasuwa ta yi sanyi mu sha shayi a bencinsa. A nan na tsinci tarihinsa, gutsure gutsure, don ba mai yawan magana ba ne.

Ɗan kafinta ne. Ubansa ya so ya gaje shi, amma shi in an ba shi katako ya fere, sai a tarar ya zane shi da gawayi. Aka gaji aka kai shi wurin wani tsoho mai rubuta lamba a jikin manyan motoci. Tsohon nan ya hana shi taɓa harafi har shekara ta zagayo. Aikinsa wanke burushi da kananzir, a sake wankewa da sabulu, a matse, a gyara bakin da yatsa, sai kuma jan layi a jikin tsohon kwano, a goge, a sake ja. Ya ce mini, "Da na yi ƙorafi sai ya ce harafi layi ne da ya yi hankali." A wurin tsohon ya koyi dabarar da ya riƙe har ƙarshe: ba ya fara rubutu daga farkon kalma. Daga tsakiya yake farawa, ya tafi dama, ya dawo hagu, don kada rubutu ya cunkushe a gefe ɗaya kamar fasinjojin da suka ga rami. Shi ya sa in ka wuce shagonsa da rana sai ka ga allo da rabin magana a tsakiya, kai da ƙafa babu.

Ya yi aure, matar ta rasu 'yarsu tana aji uku a firamare. Bai sake aure ba. Shi ya yi mata tsifa da hannun nan nasa, ya ce kitso ne kawai ya gagare shi, don layin kai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yarinyar ta girma a cikin warin fenti, ta yi karatu, ta samu aiki a wani shagon buga takardu, inda inji ke fitar da bana, wato allon talla na roba, cikin ɗan lokaci, da hoto da komai. Injin da ya cinye sana'ar ubanta shi ke biyanta albashi. Na so in yi masa tsiya a kan haka, ya riga ni. Ya ce, "Gara dai abincin bai bar gidan ba."

Aiki ya ragu, bai damu ba. Akwai masu son fenti har yanzu, waɗanda suka ga yadda rana ke cinye roba. Abin da ya canja shi daban ne, kuma zan faɗa muku shi yanzu, ko da yake ni a lokacin ban sani ba. Hannunsa na dama ya fara rawa. Ciwon nan ne da likitoci ke iya lallashi amma ba sa iya kora. Mutumin da duk darajarsa a duniya hannu ne da ba ya motsi sai ya ce motsa, ya wayi gari hannun na kaɗawa kamar ganye. Abin da ya sa a gaba tun daga ranar abu ɗaya ne: kada wani a layinmu ya gani, musamman ni. Yana so ya fita daga idonmu yana Rula.

Alamun duk suna nan, ni ne ban karanta ba. Ya fara sa hannu a aljihu. Ya daina shan shayi a waje. Ya koma aiki a can ƙuryar shago, ya juya wa titi baya. Na ce masa, "Rula, ka fara ɓoye sirrin sana'a ne, ko kuwa kana tsoron in koya?" Ya ce, "Kai ko layin waya ba ka iya ja daidai." Wata rana muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Bayan wata guda wani mai sayar da cajar waya ya kama shagon, ya manna bana a kan sunan da Rula ya rubuta da hannunsa.

Na kira shi sau biyu a farko, ya ce hutawa yake yi. Na ce zan zo, ya ce to. Kun san ni. Aka yi watanni.

Bayan abin asibitin nan, da maganar matata a kunnena, na zauna na lissafa waɗanda ke bina bashin ziyara, sunansa ya fito a sama. Na kira.

"Rula, kana raye?"

"Wa ke tambaya? In mai biyan bashin ziyara ne, ya makara."

Muryar tana nan, sai dai ta yi ƙasa, kamar rediyon da batirinsa ya fara sanyi. Na ce ina so in zo in gan shi, yau ɗin nan in ya yarda, da na rufe shago.

"Yau ba zai yiwu ba."

"Gobe da yamma fa?"

"Yamma ba ta yi mini."

"Kai da ba ka da aiki, me kake yi da yamma? Ko ka shiga makarantar dare?"

"Ina da abin yi. Bari in duba, zan kira ka."

Sai ka ce wani babban likita. Kwana uku bai kira ba, na sake nemansa. Na kawo Asabar, ya ce 'yarsa na wanki ranar, ɗakin ba ya shiguwa. Na kawo Lahadi, ya ce maƙwabta na cika gidan da hayaniya. Na ce to da sassafe kafin in buɗe shago, ya yi wata irin dariya ya ce, "Kai da sassafe? Yaushe kuka saba?" Na fara jin haushi. Na ce wa matata mutumin nan ba ya son ganina, don me zan yi ta cusa kai? Ta ce, "Wanda ba ya son ganinka cewa yake to, sai ka zo. Wannan da yake zaɓen rana, akwai abin da yake shiryawa."

Ta fi ni gaskiya. A kira na gaba shi ya kawo maganar.

"Ga-ni-nan, allon shagonka yana nan yadda na bar shi?"

"Ya koɗe. Sai mai haƙuri ke karanta shi."

"Zan yi maka sabo. Kada ka kai wa masu inji. Ka ba ni mako uku, ranar da za ka zo ka tafi da abinka."

Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce, "Wa ya ce maka wahala ce? Ina so ne mutanen layi su tuna yadda rubutu yake." Mako ukun ya zama biyar. Duk sanda na kira sai ya ce fenti bai bushe ba, ni kuwa in ce wane irin fenti ne wannan, da ruwan rijiya aka dama shi? Daga ƙarshe wata ranar Alhamis ya kira da kansa.

"Talata mai zuwa. Ƙarfe tara na safe."

"Tara. Na ji."

"Maimaita."

"Haba Rula, tara na safe, ranar Talata. In rubuta a goshi?"

"Ka zo yadda ka saba," in ji shi, ya kashe waya.

Na ɗauka gatse ne. Na ce a raina, za ka gani. Ranar Litinin na goge takalmi, na sa matata ta tashe ni ko da ruwan sanyi ne. Talata ban buɗe shago ba. Na sayi ganyen shayin da yake so, na hau mota, na sauka a kwanar da ya kwatanta, har na tsaya a gindin wata bishiya ina kallon agogo don kada in wuce gona da iri. Daɗi nake ji kamar yaron da ya ci jarrabawa. Na ma shirya abin da zan faɗa.

Gidan haya ne mai hawa biyu, ɗakuna a jere, kowace ƙofa da takalma da bokiti a gabanta. Wata mata mai shanya a baranda ta nuna mini ƙofar ƙarshe. Ko ba ta nuna ba hancina zai kai ni, warin kananzir da fenti ya tare ni tun daga matakala. Ƙofar a buɗe take, labule ne kawai. Na yi sallama da ƙarfi, ban jira amsa ba, na ɗaga labule ina cewa, "Rula, fito ka ga abin al'ajabi! Dubi agogo, ka kira 'yan jarida!"

Yana zaune a bakin gado, daga shi sai singileti. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, gemu ya tsiro fari fat, ba a aske ba. An ɗaura masa tawul a wuya kamar yaro, tawul ɗin ya jiƙe da shayi. Kofin roba ne a hannunsa, ya riƙe da hannu biyu, yana ƙoƙarin kai shi baki, kofin na bugun haƙoransa kaf kaf kaf. Hannun daman nan da na auna aikinsa da tef, shi ke jijjiga na hagun, har gwiwarsa na amsawa.

Ya gan ni. Abin da ya fara yi shi ne ƙoƙarin tura hannun a ƙarƙashin cinyarsa, kofin ya suɓuce, shayi ya malale a kan ledar ɗaki.

Ban san sanda na durƙusa ba. Na ɗauki kofin, na jawo wani tsumma ina gogewa, ina cewa, "Sannu Malam. Sannu. Ba komai, sannu." Da irin muryar da ake yi wa na kwance a asibiti.

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Tara."

"Tara," ya maimaita. Kafaɗunsa suka motsa kamar mai dariya, amma sauti bai fito ba.

Na zauna a kan wani gwangwanin fenti. Ɗakin tsaf yake. Rediyo a kan taga, burusai a jere cikin kwalba bakinsu a sama, kowanne an gyara shi da yatsa. A gefe an ɗora wani dogon abu a kan kujeru biyu, an rufe da tsohon zanen gado. A bayan ƙofa kuwa kwalaye ne jibge, kowanne cike da layukan gwaji, ja da baƙi, sun yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Na kawar da kai. Shi ma ya kawar. Ni da ake roƙo in yi shiru a wurin zaman makoki, na nemi kalma ɗaya a bakina na rasa. Na tambaye shi ko in haɗa masa wani shayin, ya girgiza kai. Muka zauna muna sauraron matar baranda tana faɗa da 'ya'yanta.

Wajen ƙarfe goma 'yarsa ta shigo da sauri, da rigar aiki a jikinta, farar riga gogaggiya a rataye a hannu ɗaya, reza da sabulun aski a ɗayan. Ta gan ni ta tsaya cak. Ta dubi ubanta, ta dubi agogon wayarta, ta sake dubana.

"Kawu, ina kwana," ta ce, don tarbiyya ba ta barin mutum ko a irin wannan lokaci. Ta ɓallo ƙwayar magani ta sa masa a baki, ta riƙe masa ruwa ya sha. Sannan ta ce, "Kawu, zo mu gaisa a waje."

A baranda ta yi mini bayani, murya ƙasa ƙasa. Likita ya yanka wa maganin lokaci, ba a matso da shi, ba a jinkirta shi. Ƙarfe goma yake sha. Sai wajen sha ɗaya hannun ke kwanciya, ya ba shi ɗan sarari zuwa azahar, daga nan ya koma gidan jiya. A ɗan sararin nan ya yi allona, wata rana harafi ɗaya, wata rana rabi, wata rana ya goge na jiya. Ta roƙi izini a wurin aiki don ta zo ta aske shi ta sa masa riga. Ya bar harafi ɗaya da gangan, na farkon layi, don ya rubuta shi a gabana, in koma layi in ba da labari.

Na ce, "To me ya hana ya ce mini sha ɗaya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. "Kawu, in ya ce sha ɗaya ai sai azahar za ka zo, lokacin maganin ya sake shi. Kwana biyu yana lissafi. Ya ce tun da ya san ka, ba ka taɓa yin makarar ƙasa da awa biyu ba. Na ce Baba, in kuma ya zo a kan lokaci fa? Ya ce hali zanen dutse ne."

Na riƙe ƙarfen baranda. Na ce bari in sauka in zagaya, in dawo sha ɗaya kamar ban zo ba. Ta ce, "Ido ba ya mayar da abin da ya gani, Kawu. Amma ka jira a matakala, bari in shirya shi. Ya sa rai da rigar nan."

Na zauna a matakala, ganyen shayi a cinyata, mutane na wuce ni suna sannu. Da ta leƙo ta yafuto ni, na sake yin sallama, wannan karon na jira aka amsa.

Yana tsaye. An aske shi, farar riga har wuya, hula a kai. In ba don ramar ba sai ka ce shi ne na tsallaken titi. Hannun ya lafa, sai ɗan motsi a babban yatsa. Ya ce wa 'yar, "Yaye."

Ta yaye zanen. Jama'a, na ga alluna a rayuwata, ban ga kamar wannan ba. Fari ne sol, sunan shagona da ja, inuwar haruffan da baƙi, har da ƙwan lantarki a gefe da za ka rantse in ka taɓa zai ƙona ka. Kowane layi a miƙe. A gindi, da ƙananan haruffa, ya riga ya sa RULA. Gurbi ɗaya ne fari a farkon layin sama.

Ya zaɓi burushi, ya tsoma, ya share bakinsa a gefen gwangwani. Ya tsaya yadda ya saba, ƙafa ɗaya gaba. Ya riƙe numfashi. Ni ma na riƙe nawa. Bakin burushin ya matso kusa da allo, ya tsaya, sai ya fara kaɗawa, kaɗan kaɗan, sannan da ƙarfi. 'Yar ta gaya mini daga baya cewa ɓacin rai na karya maganin. Ya ja baya, ya sake numfashi, ya sake matsowa. Ɗigon ja ɗaya ya faɗo a kan farin, ya gangaro a hankali ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya miƙa wa 'yar burushin ya ce, "Kananzir tukuna, sannan sabulu." Ya koma bakin gado ya zauna.

Na ce, "Malam, wallahi ya yi kyau a haka. Ba wanda zai lura. Ka huta, lafiya ta fi komai. Kuma na rantse maka, abin da na gani yau ba mai jin sa a bakina."

Ya ɗago. Idon nan na nan yadda na san shi, mai auna abu kafin ya taɓa.

"Tun da ka shigo ɗakin nan sau nawa ka ce mini Malam?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ɗazu da ka ɗaga labule ne kawai na ji sunana. Allo ba harafin farko, ga jini na zuba a gefe, a ce Ga-ni-nan ya gani ya ce ya yi kyau? Da can ai sai layi ya kwana yana dariya. In sannu nake so, gidan nan cike yake da masu ita."

Na buɗe baki in yi masa tsiya, ko guda ɗaya, ko gurguwa. Ga abin faɗa birjik, ga tawul, ga kofi, ga ɗigo. Abin da ya fito wani sauti ne da ni kaina ban san ina da shi ba, sai da na juya ina kallon rediyo. 'Yar ta fita da burushin, ta daɗe ba ta dawo ba.

Na tashi zan tafi, na kai hannu ga allon. Ya ce, "Ajiye. Aikin da ba a gama ba ba ya fita daga hannuna." Na ajiye. Na tura ganyen shayin kusa da rediyo, na tsaya a bakin labule ina juya makullin shago a hannu. Azahar ta kusa, na ga yatsun sun fara tashi, ya ɗora hannun hagu a kansu ya danne.

Na tattaro abin da ya rage mini na murya na ce, "To Rula, yaushe zan dawo? Faɗi lokacin da ya yi maka."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, har takalmin da na goge.

"In ce maka yaushe? Yanzu ai ban san lissafinka ba. Shekara ashirin da wani abu, abu ɗaya tak na taɓa dogara da shi a wurinka, makararka. Ita ma ka ci amanata."